Baƙuwar Na'ura a Wi-Fi na Gida: Yadda Muke Gano Ta

Cikin ayyukan da ake yawan kiranmu a kai, mu masu haɗa intanet a gidaje, akwai wannan: maigida ya leƙa jerin na'urorin da ke kan rautarsa, wato akwatin da ke raba Wi-Fi a gidan, ya ga sunan da bai sani ba, ko lambobi tsura babu suna, hankalinsa ya tashi. Galibi ba ɓarawo ba ne. Kayan gidan ne da aka manta suna hawa intanet: talabijin, firinta, kyamarar tsaro, tsohuwar wayar da aka bar wa yara. Duk da haka ba ma cewa a kwantar da hankali sai mun tabbatar.

Ana farawa daga shafin rauta. A buɗe burauza a rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in duk sun ƙi, a duba takardar da ke manne a jikin rautar. A jerin na'urori a kwafe abu uku: suna, adireshin IP (lambar da rauta ke ba kowace na'ura) da lambar MAC (lambar shaidar da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta). Sai dai wasu rautoci suna ci gaba da nuna duk wanda suka ba adireshi har wa'adinsa ya cika, sau da yawa awa 24, don haka wayar baƙon da ya tafi tun jiya tana iya kasancewa a jerin. A kwamfuta, rubuta umarnin ping tare da adireshin IP na baƙuwar na'urar a tagar rubuta umarni, sannan umarnin arp -a, zai nuna ko na'urar tana nan yanzu. Manhajar Fing a waya ma tana wannan aikin.

Lambar MAC ce babbar shaida. Alamomi 12 ne, biyu-biyu gida shida, kuma gida ukun farko IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, ce ke raba su ga kamfanoni. In aka bincika su a intanet, sunan kamfanin zai fito. A nan mutane ke ruɗewa, domin sunan da ke fitowa sau da yawa na wanda ya ƙera ƙaramin allon Wi-Fi ne, ba wanda aka rubuta a kwali ba. In ka ga Espressif, nemi ƙwan lantarki ko soket mai aiki da waya. Hon Hai, AzureWave ko Liteon kuwa, duba kwamfutar cinya, firinta, talabijin ko na'urar wasan yara.

Wani lokaci binciken ba ya kawo sunan kowa. To, kalli alama ta biyu a lambar. In 2 ce, ko 6, ko A, ko E, ba lambar masana'anta ba ce, na'urar ce ta ƙirƙire ta. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ɓoye lambarsu ta asali, suna ba kowane Wi-Fi wata daban don kada a bi sawunsu. Waya ɗaya tana iya fitowa sau biyu a jerin. A shiga saitin Wi-Fi na kowace waya a gidan a kwatanta lambar da take amfani da ita a wannan layin, ba wadda ke shafin bayanin waya ba. Kwamfutar da ke da kebul da Wi-Fi ita ma lamba biyu gare ta, wasu na'urorin ƙara nisan Wi-Fi kuma suna sauya lambar duk abin da ya bi ta cikinsu.

In har yanzu ba a gane ta ba, sai a koma hanyar da ba ta ƙarya: a riƙa cire kaya daga wuta ɗaya bayan ɗaya, ana sake duba jerin bayan minti biyu ko uku, ko a gwada da ping ko Fing in rautar na ci gaba da nuna waɗanda suka sauka. Cirewa daga soket nake nufi, domin talabijin da aka kashe da rimot yana iya zama a kan layi. Duk wadda aka gano, a sa mata suna a rautar nan take.

Abin da ya rage bayan an kashe komai, ban da na'urar da ake dubawa da ita, shi ne baƙo na gaske. Da yawa sukan ce a toshe lambar MAC ɗinsa. A ganina ɓata lokaci ne, tun da sauya lamba bai fi taɓa maɓalli ba. A canza kalmar sirrin Wi-Fi zuwa mai tsawo, alamomi 12 ko fiye, a zaɓi tsarin tsaro na WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, tsarin haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, wanda tun Disambar 2011 aka bayyana raunin lambarsa mai alamomi 8. A canza kalmar shiga shafin rautar ita ma, ba ɗaya suke da ta Wi-Fi ba, kuma gidaje da yawa suna barin ta yadda ta zo daga kamfani. Daga nan a mayar da kayan gida ɗaya-ɗaya ana rubuta lambar kowanne, baƙi da ƙananan na'urori kuma a buɗe musu layin baƙi na daban.