Ni da wayata a ɗakin Hajiya

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, na biya gaida mahaifiyata. Ta ajiye mini kwanon fura a kan tabarma, ni kuwa tun kafin in ɗauki ludayi na riga na zaro waya ina leƙa WhatsApp. Tana ba ni labarin rasuwar wata tsohuwar maƙwabciyarmu, ina amsawa da "to" da "Allah sarki" ba tare da na ɗago kai ba, har ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, in hira da wayar ka zo yi, bari in tashi in ba ku wuri." Kunya ta rufe ni, domin bidiyon barkwanci ne kawai nake kallo.

Ita ma Hajiya tana da babbar waya, amma ba ta ɗaukarta sai da dalili. A farkon 2023, lokacin da takardun naira suka yi wuya bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, da wayar nan ƙanena ya riƙa tura wa mai shago kuɗin shinkafa da manja. Da ita kuma take sauraron saƙon muryar jikokinta da ke Legas, tun da ba ta yi boko ba. In ta gama, sai ta tura ta ƙarƙashin matashin kai.

Na kife tawa a gefen tabarma, na roƙe ta ta sake labarin daga farko.