Kitson Geza da Farar Safar Hannu: Kwana Biyu a Aachen

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba mai masaukina ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce in dai da gaske nake ina son ganin yadda ake shirya doki, to in taso, 'yarsa ta riga ta tafi barga. A farkon watan Yuli dare ba ya tsawo a Jamus. Na riga na yi sallah tuntuni, gari har ya fara washewa, sai na ja rigar sanyi na bi shi.

Jiya da yamma na iso daga birnin Kolon, tafiyar kamar awa guda a jirgin ƙasa. Aachen tana can ƙurya a yammacin Jamus, inda iyakarta ta haɗu da ta Beljiyam da Holan, kuma duk shekara a wannan lokaci garin yakan koma na dawaki, saboda babbar gasar da suke kira CHIO. Mai masaukin nawa abokin aikina ne. Tun ranar da na nuna masa hotunan hawan sallar Katsina a wayata, na ce masa a gidan dawaki na tashi, ya ƙulla cewa sai na zo na ga irin nasu. Ya tsara mana ranar Asabar mu raka 'yarsa wata ƙaramar gasa ta ƙauye, Lahadi kuma mu je wurin manya. Wasan da take yi shi ne diresaj, wato gwajin horon doki. Ba tsere ba ne, ba kuma tsallake shinge ba. Doki ne da mahayinsa su kaɗai a fili, suna tafiya da sassarfa da sukuwa da juye-juye bisa tsarin da aka riga aka rubuta, alƙalai suna ba da maki.

Tun daga ƙofa warin barga ya tarbe ni, kuma wallahi iri ɗaya ne da na gidanmu: ciyawa, gumi, fitsari, fata. Dokin yana tsaye a tsakiyar hanya an ɗaure ragamarsa hagu da dama, babban ingarma ne da aka dandaƙe, ja mai duhu, ƙafafunsa biyu na baya farare. Yarinyar, wadda ba za ta wuce shekara goma sha bakwai ba, tana tsaye a kan wani ɗan akwati, allura a maƙale a gaban rigarta, matsefi a bakinta. Kitso take yi masa.

A nan na tsaya na fi awa guda ban gaji ba. Gezar dokin an riga an rage ta, tsawonta bai fi faɗin tafin hannu ba. Takan jiƙa gashin da soso, ta tsaga daidai faɗin matsefin, ta kitsa shi tamau har ƙasa kamar yadda mata ke yin kalaba, sannan ta soka allura mai dakusasshen baki da zare mai kakin zuma kalar gashin, ta naɗe kitson ciki ya dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙarami, ta ɗinke shi a gindi. Ɗaya bayan ɗaya, daga bayan kunne har doron wuya, guda goma sha ɗaya na ƙirga, kowanne girmansa ɗaya da ɗan'uwansa. Wasu, in ji ta, da roba suke ɗaurewa don ya fi sauri, amma na zare ya fi zama, ba ya kuma tsinka gashi. Na tambaye ta amfanin duk wannan wahala. Ta cire matsefin daga baki ta ce, alƙali yana son ya ga wuyan ne. In geza ta rufe, ba zai gane ko dokin ya lanƙwasa wuyansa don kansa ba, ko kuwa hannu ne ya danne shi.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin a wurinmu ado rufewa yake yi. Idan Kawuna ya gama shirya doki ranar hawa, jalala ta sauko har kusan gwiwa, ɗan ƙirji da tunku sun cika gaba, da ƙyar za ka ga fatar dokin sai ƙafafu da idanu. Kyau ne na gaske, har gobe in na ji algaita da kalangu na hango ayarin hakimi tsikar jikina tashi take yi. Su kuwa nan duk kwalliyar da suke yi ta fito da jikin dokin ce fili, komai ƙanƙantar aibu a gan shi.

Wankan tun jiya aka yi shi. Abin da ya rage yau shi ne buroshi kala uku: na roba da ake murzawa a zagaye don ya tayar da datti, mai tauri da ke kakkaɓewa, sai mai laushi da ke kwantar da gashi har fatar ta riƙa ɗaukar ido. Wutsiya da yatsu ta warware ta, daga ƙasa tana hawa sama, don kada gashi ko ɗaya ya tsinke. Ta ɗaga kofato ɗaya-ɗaya ta sakace da ɗan ƙugiyar ƙarfe, ta shafa mai. Fararen ƙafafun ta sake wanke su ta barbaɗa hoda, ta goge hanci da gefen idanu da jiƙaƙƙen tsumma. Da na ga dogayen gashin da ke tsirowa a leɓen dokin da kewayen idonsa, na ce mata ga wasu nan ta manta ba ta aske ba. Uban ne ya amsa, ya ce a Jamus doka ta hana taɓa su tun da daɗewa, domin da su doki ke lalube, su ne yatsunsa a cikin duhu da cikin kwanon abinci. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ita ma ta bi sahu a 2021, duk dokin da aka aske wa su fitar da shi ake yi daga gasa.

Ita kanta mahayiyar sai da muka isa filin ta shirya. Farin wando matsattse tana sanye da shi tun daga gida, amma ta ɗora wani tsohon wando a kai, ba ta tuɓe shi ba sai da za ta hau. Ta tufke gashinta cikin raga, ta ɗaura farin ƙyalle a wuya ta soke shi da fil, ta sa baƙar kwat gajeriya, da hular kwano, da dogayen takalman fata masu kaiwa gwiwa, waɗanda gefensu na waje ke da tauri kamar katako don ƙafa ta zauna shiru a jikin doki. Sirdin baƙi ne, marar ƙwacciya irin tamu, a kan farin ƙyalle mai kusurwa huɗu. Da ta hau, uban ya zagaya da tsumma ya goge ƙurar takalmanta, ya kwance bandejin da aka naɗe ƙafafun dokin da shi lokacin ɗumama jiki, domin ba a shiga gaban alƙali da shi. Ta zo ta huɗu a ajinta. Tana saukowa, kafin ta nemi ruwan sha, ta ɗauki ɗan almakashi ta warware kitson nan duka, saboda yana ja wa dokin fata. Aikin awa guda da rabi, don minti biyar.

Da yamma muka ɗan zaga cikin gari, muka ga tsohuwar majami'ar da Sarki Shalaman ya gina wajen shekara ta 800, inda kabarinsa yake, da maɓuɓɓugar ruwan zafi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a tsakiyar birni. Ban daɗe ba, barci nake ji.

Lahadi da safe bas ya kai mu Soers, filin da ake wannan taro tun 1924. Babban dandalin tsallake shinge yana cin mutum dubu 40, na diresaj kuwa ƙarami ne, kamar mutum 6,300, kuma ya cika maƙil. Filin yashi ne mai tsawon mita 60 da faɗin mita 20, an kewaye shi da gajeren farin shinge, an kafa haruffa a gefe, A da K da E da C da sauransu, waɗanda ke nuna wa mahayi inda zai fara abu da inda zai gama. Alƙalai suna zaune a cikin 'yan ɗakuna a kewaye, kowane motsi su ba shi maki daga 0 zuwa 10. Ranar ta wasa da kiɗa ce, kowane mahayi da tsarin da ya haɗa wa kansa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun. Dubban mutane, amma in kiɗa ya lafa kana jin hucin dokin da ƙarar fatar sirdi. Shi ma mahayin ba shi da izinin yi wa doki magana ko tsaki, in alƙali ya ji, maki ya tafi, bulala kuwa ba a shiga da ita a irin wannan mataki. Na ga wani akawal yana sassarfa a wuri ɗaya, ƙafafu na tashi suna sauka bi da bi kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, bai matsa gaba da taku guda ba, mahayiyarsa kuma zaune kamar an dasa ta. Na zuba wa hannuwanta ido don in kama lokacin da take ba shi umarni, ban kama ba.

Sai a nan na fahimci amfanin farar safar hannun da mahayan ke sawa. Manyan mahaya kwat mai jela biyu suke sawa, baƙa ko shuɗiya mai duhu, an ɗinka ɗan nauyi a bakin jelar don kada iska ta riƙa kaɗa ta. A kan wannan duhu, da duhun wuyan doki, farin hannu ba ya ɓuya. In ya fizga, mutum na can saman benci zai gani. Wanda ya sa farar safa ya yarda ke nan a duba hannunsa, kuma a ganina babu wani abu a cikin kayan nan da ya kai wannan daraja.

Doguwar hular nan mai kama da tukunya da na saba gani a tsofaffin hotuna ba ta nan. Mai masaukina ya ce tun farkon 2021 FEI ta wajabta hular kwano ga kowa. Maganar ta yi ƙarfi ne bayan 2010, lokacin da wata fitacciyar mahayiya 'yar Amurka, Courtney King-Dye, ta faɗo ba hula ta samu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. A 2012 Charlotte Dujardin ta Ingila ta ci zinare a gasar Olamfik ta Landan sanye da hular kwano, matasa suka bi ta. Manya da yawa ba su so ba, har da Isabell Werth ta Jamus, wadda babu mahayin da ya kai ta lambobin Olamfik. Sun sa hannu a takardar roƙo a bar musu zaɓi, ba a karɓa ba. Na fahimci zafinsu, don na san abin da za a ji a Katsina in an ce hakimi ya ajiye rawani. Amma na taɓa ganin yaro ya faɗo a wajen sukuwa kansa ya bugi ƙasa, saboda haka ina bayan hular.

Da aka yi hutu na koma bakin hanyar da dawakai ke fita. Kowane doki ya gama, wani jami'i sanye da safar roba yakan tare shi, ya buɗe leɓensa ya duba linzami, ya shafa haƙarƙarinsa inda kaimi ke taɓawa. A wannan mataki ƙarfe biyu ne a bakin dokin, da igiya huɗu a hannun mahayi, kuma linzami ne mai iya cutarwa in hannu ya yi nauyi. Jini ake nema. In alƙalin da ke zaune a C ya hangi sabon jini ana cikin wasa, ƙararrawa zai kaɗa, an fitar da mahayin ke nan, ko waye shi. Ba cewa nake su waliyyai ba ne, su ma jaridunsu cike suke da ƙorafin masu matse wa doki haɓa har ta kusa taɓa ƙirji, da masu ɗaure hanci tamau don kada baki ya buɗe. Amma akwai wanda aikinsa shi ne ya buɗe bakin ya duba. Na tuna sau nawa na riƙe wa Kawu doki bayan an sauko daga hawa, kumfar bakinsa ta koma ja saboda zamiya a gaban fada, mu wanke da ruwan gishiri, ba wanda ya ɗauka wani abu ne. A tsaye a wurin nan sai da idona ya kawo ruwa.

A jirgin komawa Kolon na kira Kawu ta WhatsApp, na riga na tura masa hotuna da ɗan bidiyon akawal ɗin. Bayan mun gaisa ya ce, "Kai ɗan nan, ina kayan dokin? Haka suka fito da shi tsirara gaban jama'a?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, haka adonsu yake."

Ya yi shiru, na san sake kallo yake yi. Can ya ce, "Amma fa wanda ke kula da dokin nan ya san aikinsa. Dubi fata. Kuma yarinyar nan hannunta ba nauyi." Sai ya tambaye ni abin da ke hannun mutumin da ke buɗe bakin dokin, na yi masa bayani tun daga farko. Ya ce in sake faɗa masa maganar ƙararrawar, na sake.

Kafin mu yi sallama ya ce in zan zo babbar sallah in taho masa da irin buroshin nan mai laushi. Na ce masa yana cikin jakata, guda biyu na saya a rumfunan bakin fili, da ƙugiyar sakace kofato, da zaren kitso baƙi ƙulli ɗaya.