Kakar sinuka ta ƙwararru: kuɗin da ke goge kansa bayan shekara biyu

Abin da ake kira sinuka a yawancin rumfunan unguwanninmu, inda matasa ke taruwa da yamma, ƙaramin tebur ne. Na ƙwararru daban yake: tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 6, da jajayen ƙwallaye 15, masu launi 6, sai farar da ake bugawa da sanda. Kowane shiri na ƙwallayen zubi ɗaya ne, kuma da yawan zubi ake cin wasa. Cibiyar harkar tana Birtaniya. Kaka kan fara a watan Yuni, ta ƙare a farkon Mayu.

Hukuma biyu ke riƙe da wasan. WPBSA ce mai doka da hukunci. World Snooker Tour kuma ita ke shirya gasa, ta nemo masu ɗaukar nauyi, ta sayar wa gidajen talabijin, kuma tun 2010 tana hannun kamfanin Matchroom na Barry Hearn. A kakar 2009/10 gasa 6 kacal ake ƙirgawa a jadawalin matsayi. Yanzu sun kai 17 zuwa 18, ban da na gayyata.

Sai dai wanda ya tsaya ƙirga gasa bai fahimci kakar ba tukuna. Jadawalin matsayi ne ke juya komai, shi kuwa tun kakar 2014/15 da kuɗi ake lissafa shi. Duk fam ɗin da ɗan wasa ya ci a gasar da ake ƙirgawa ana rubuta masa, ya zauna a lissafinsa shekara biyu, sannan a goge. Ke nan duk lokacin da ya shiga gasa yana kare abin da ya samu a daidai wannan lokaci shekara biyu da suka wuce. Luca Brecel na Beljiyam ya ci kofin duniya a 2023, aka rubuta masa fam 500,000. A 2025 ya kai zagayen 'yan takwas, Judd Trump ya fitar da shi, ya samu fam 50,000. A mako guda aka cire masa dubu 500 aka saka dubu 50, ya faɗo daga cikin 16 na sama gaba ɗaya. Bai buga mummunan wasa a makon ba, wa'adin tsohon kuɗinsa ne ya cika.

Akwai layuka biyu a jadawalin da ke hana mutane barci: na 16 da na 64.

Kujerun ƙwararru kimanin 128 ne, kuma da katin shekara biyu ake shiga. Sabon shiga da sifili yake farawa, alhali waɗanda ya tarar suna ɗauke da kuɗin bara. Idan shekara biyun suka cika, dole ya kasance cikin 64 na sama a ranar da aka kammala gasar duniya. In bai kai ba, akwai 'yar ƙaramar ƙofa: 'yan kaɗan daga waɗanda suka fi samun kuɗi a wannan kaka kaɗai, yawanci mutum 4, ana sabunta musu kati. Sauran sun koma 'yan sha'awa, sai su bi layin Q School, gasar neman kati da aka fara a 2011, wadda ake yi makonni kaɗan bayan rufe kaka. A can wanda ya riga cin zubi 4 ya wuce, kuma mutumin da ya shekara 15 yana ƙwararre zai iya karo da yaro ɗan shekara 17 da ba ya tsoron kowa. A shekarun nan kati 8 ake rabawa a ta Ingila, 4 kuma a wadda ake yi wa 'yan Asiya a Bangkok. Akwai wasu hanyoyin: gasannin Q Tour na 'yan sha'awa, zakarun matasa, da zakarun nahiyoyi. Zakaran Afirka ma yana samun kati, kuma 'yan Masar da Maroko sun shiga ta nan. Tun 2021 ake ware wa mata kujeru, Reanne Evans da Ng On-yee ne suka fara.

Samun katin ba shi ne samun abinci ba. A gasa da yawa wanda aka fitar a wasansa na farko ba ya samun ko kwabo, ga kuɗin jirgi da masauki daga aljihunsa. Shi ya sa daga kakar 2022/23 aka tabbatar wa kowane mai kati fam 20,000 a shekara. Amma ba kyauta ba ce a kan abin da ya ci, ana cire ta daga ladan gasarsa. Ga kuma biza. Hossein Vafaei na Iran ya samu kati a 2012, amma sai 2015 ya iya fara bugawa sosai saboda takardun shiga Birtaniya.

Kakar kan buɗe shiru-shiru da Championship League a Leicester, rukuni-rukuni, babu 'yan kallo. Daga nan sai tafiye-tafiye su kankama. Chaina, wadda annobar korona ta rufe daga 2020 har aka koma a 2023, tana da Shanghai Masters ta gayyata, da gasannin Wuhan, Xi'an da Yushan, da International Championship. Saudiyya ta shigo a 2024 da gasar da zakaranta ya ɗauki fam 500,000, daidai da kofin duniya: Trump ya ci ta Riyad, Neil Robertson ya ci ta Jidda a 2025. Wani abin da ban taɓa ganin dacewarsa ba shi ne yadda ake buga share fagen yawancin gasannin Chaina a Ingila, makonni kafin gasar. Ɗan Chaina sai ya zo Ingila ya nemi izinin buga gasa a ƙasarsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa da yawansu suka tare a Sheffield, suna atisaye a makarantun sinuka na garin.

Tsakanin waɗannan ake saƙa gasanni huɗu na gida, na Ingila, Ireland ta Arewa, Scotland da Wales. Zagayen farko gajere ne, wanda ya ci zubi 4 ya wuce, don haka babba kan faɗi a hannun ƙarami ba tare da an yi mamaki ba. Akwai German Masters a Berlin, akwai kuma Shoot Out, zubi ɗaya na minti 10 da agogo a kan kowane bugu, daƙiƙa 15 da farko, sannan 10. Tun 2017 ake ƙirga ta a jadawali, kuma har yau akwai masu ganin bai kamata wasan minti 10 ya taɓa makomar katin wani ba. Ina tare da su.

Manyan kofuna uku ne. UK Championship a York, ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ranar da ta ƙare ake rufe lissafin 16 ɗin da za a gayyata Masters, a Alexandra Palace da ke Landan, cikin Janairu. Kuɗin Masters ba ya shiga jadawali ko kaɗan, komai yawansa. Na ukun shi ne kofin duniya.

Kafin a kai can, akwai wasu gasa uku da ke amfani da wani jadawali dabam, na kuɗin wannan kaka kaɗai: World Grand Prix mai mutum 32, Players Championship mai 16, sai Tour Championship mai 12. Nan ne tsohon suna ba ya amfani. Wanda ke cikin 5 na duniya da kuɗin bara zai iya zama a gida yana kallo. Matsalar tsarin ita ce wanda ya shiga na farkon ya samu damar ƙara kuɗin shiga na biyun, mai shi ake ƙara wa. Da an kammala Tour Championship ake rufe lissafin 16 ɗin da za su wuce kai tsaye zuwa Crucible, zauren da ake buga kofin duniya.

Cunkoson jadawali yana jawo rikici. Ɗan wasa kan sauka daga jirgin Chaina ya buga share fage a Ingila kafin barcinsa ya daidaita, wani lokaci ma sandarsa ta maƙale a filin jirgi, ita kuwa ba a aron ta. Manya sukan zaɓi gasar da za su tsallake, a cike gurbin da 'yan sha'awa daga jerin Q School. A 2023 'yan wasa biyar, ciki har da John Higgins da Mark Selby, sun shirya wasan nuni a Macau a makon gasar Ireland ta Arewa da ake yi a Belfast. World Snooker Tour ta ce hakan ya saɓa yarjejeniyarsu, aka ɗage wasan zuwa Disamba.

Gidan wasan kwaikwayo na Crucible a Sheffield ke karɓar kofin duniya tun 1977, kuma kujerunsa ba su kai 1,000 ba. Mutum 32 ke shiga. Rabinsu ta share fage mai zagaye 4 suke zuwa, a wata cibiyar wasanni a cikin garin: na can ƙasa su fara daga zagayen farko, masu matsayi 49 zuwa 80 su shigo a na biyu, masu 17 zuwa 48 a na uku. A waɗannan kwanaki ne ake sanin wanda zai rasa katinsa. Su ma 16 na sama akwai tarko a gabansu: wanda aka fitar a wasansa na farko zai karɓi kuɗinsa, amma ba za a rubuta masa shi a jadawali ba.

Gasar kwana 17 ce. Zagayen farko sai an ci zubi 10, na biyu da na uku 13, na kusa da ƙarshe 17, wasan ƙarshe 18, a zama huɗu cikin kwana biyu. Tebur biyu ake kafawa da labule a tsakani, sai a zagayen kusa da ƙarshe a cire ɗaya. Babu wanda ya taɓa cin kofinsa na farko a Crucible ya sake ci a shekarar da ta biyo. Brecel a zagayen farko aka fitar da shi a 2024, haka ma Kyren Wilson a 2025.

A wannan shekarar ta 2025 tsarin ya gamu da abin da ba a shirya masa ba. Zhao Xintong yana cikin 'yan Chaina 10 da aka hukunta a 2023 kan badaƙalar sayar da wasa, shi dakatarwar wata 20 ya sha, ya rasa katinsa. Ya dawo ta Q Tour, ya shiga share fage daga zagayen farko a matsayin ɗan sha'awa, ya ci wasa 9 a jere, ya doke Mark Williams 18 da 12 a wasan ƙarshe. A ƙa'idar sabon kati da sifili zai fara kaka mai zuwa. Hukumar ta bar masa kuɗin a lissafi, ya shiga sabuwar kakar yana na 11 a duniya, kuma fam 500,000 ɗin za su zauna masa har gasar 2027.