Ranar Asabar a Gidan Dumbarton

Yau bayan sallar azahar na ziyarci Gidan Dumbarton da ke unguwar Georgetown a birnin Washington, wanda shi ne hedikwatar ƙungiyar matan Amurka da ake kira National Society of the Colonial Dames of America. An kafa ƙungiyar a birnin Philadelphia a shekarar 1891, kuma ba a karɓar mace a cikinta sai ta tabbatar da cewa tsatsonta yana komawa ga wani kaka da ya zauna a ƙasar tun tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, ya kuma yi wa al'umma wata hidima kafin samun 'yancin kai a 1776.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake tabbatar da wannan asali. Wata dattijuwa 'yar ƙungiyar da muka zanta da ita ta bayyana mini cewa faɗar baki ba ta isa hujja ba, domin dole ne mai neman shiga ta haɗa kowane ɗa da iyayensa ta hanyar takarda, tun daga kanta har zuwa kakan da take dogara da shi. Ana bin takardun haihuwa da na aure, da wasiyyoyin rabon gado, da rajistar coci, da takardun cinikin filaye, kuma idan aka rasa shaidar mutum guda a tsakiya, to zaren ya tsinke, sai a koma a sake nema. Ta ce akwai matan da ke shafe shekaru suna farautar takarda ɗaya a ɗakunan ajiya na kotunan ƙauye. Na jinjina wa wannan haƙuri matuƙa, ni da na tashi a gidan da Goggo ce ke riƙe da asalinmu a ka, tana jero sunayen kakanni a ranar suna ko biki ba tare da ta duba komai ba.

Shi kansa gidan an gina shi da jan bulo wajen shekarar 1800. Joseph Nourse, babban jami'in rajista na farko a baitulmalin Amurka, ya zauna a ciki daga 1804 zuwa 1813, kuma a nan ne Dolley Madison, uwargidan shugaban ƙasa, ta fara yada zango a watan Agusta na 1814 lokacin da ta tsere wa sojojin Ingila da suka ƙone fadar White House. A 1915 aka matsar da ginin don a sami hanyar da titi zai wuce. Matan ƙungiyar suka saye shi a 1928, suka gyara shi, suka buɗe shi ga jama'a a 1932. Su ne kuma suka gina cocin tunawa da ke Jamestown, mazaunin Turawan Ingila na dindindin na farko a Amurka, a 1907, da rumfar dutse da ke inuwantar da Dutsen Plymouth, inda ake cewa wasu daga cikin Turawan Ingila na farko sun sauka, a 1921. A ɗakin cin abinci na daɗe tsaye ina kallon tangaran da aka jera a kan tebur, masu zanen shuɗi, ina tunanin hannayen da suka riƙa wanke su, domin akwai bayi cikin masu hidimar gidan a zamanin Nourse.

Da na fito sai na zagaya baya, inda maƙabartar Mount Zion take, maƙwabciyar gidan ta kusa. Wani ɓangare na filin wata ƙungiyar mata ce ta saye shi a 1842, wato Female Union Band Society, ƙungiyar baƙaƙen mata 'yantattu da suka haɗa kuɗi domin su taimaki juna a lokacin ciwo, su kuma sami wurin binne mamatansu cikin mutunci. Na ga duwatsun kabari da dama an tattara su wuri guda, wasu sun karye, wasu ruwan sama ya cinye rubutunsu. Jikokin waɗannan mamata, waɗanda da yawansu an bautar da su ko da kakanninsu, ba su da sauƙin da matan gidan Dumbarton suke da shi wajen bin asali, saboda sai a ƙidayar 1870 ne gwamnati ta fara rubuta yawancin waɗanda aka bautar da sunayensu. Kafin nan, sau da yawa sai dai a tsinci sunan mutum a cikin lissafin dukiyar ubangidansa, tsakanin dawaki da kayan ɗaki.

Ban ga laifin mace ta yi alfahari da kakanninta ba, kuma da ba don ƙwazon waɗannan mata ba, da gidaje da takardu masu yawa sun salwanta. Amma a ganina ƙwarewar da suka tara ta fiye da shekara ɗari wajen karanta tsofaffin wasiyyoyi ita ce daidai abin da zuriyar maƙwabtansu ke bukata, tunda sunayen bayin suna kwance a cikin wasiyyoyin nan da suke bincika. Ina fata su ƙara ba wannan aiki ƙarfi, su fitar da sunayen, su miƙa su ga iyalan da ke nema.