Kwalbar da ta kwana cikin zafi

Ina wata na biyu da fara koyon aiki a ɗakin magani na wani asibiti a nan Maradi, cikin Afrilu, wuta ta ɗauke tun la'asar, janareta kuma ya ƙi tashi. Da safe muka buɗe firij, ma'aunin zafi ya wuce digiri 25. A ciki akwai ƙananan kwalabe na vinkiristin, allurar da ake yi wa yara masu sankarar jini da masu ciwon Burkitt, wanda ke kumbura muƙamuƙi.

Na ɗauki kwalba ɗaya na ɗaga ta a hasken taga. Ruwa garau, babu ko ɗigon laka. Na ce wa Hajiya, wadda ke koya mini aikin, "Hajiya, ai lafiyarsa ƙalau." Ta karɓe ta mayar cikin kwali, ta ce, "Ɗana, fara raba shi da rana tukuna. Ido ya san kima, amma ban da nan."

Ni a lokacin na ɗauka abin da ya fito daga tsiro ba ya lalacewa da wuri. Vinkiristin daga ganyen wani fure ake samunsa, ɗan asalin Madagaska, mai launin hoda ko fari, irin wanda muke gani a tukwanen ƙofar gidaje. Tun 1963 aka amince da shi a Amurka. Sai dai da zarar yana cikin ruwa, sinadarinsa na sauyawa a hankali, ƙarfinsa na raguwa, ruwan kuma bai canza kama ba. Shi ya sa ake ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, cikin duhu. A ƙiyasin da muka koya a aji, ƙarin digiri 10 kan ninka saurin irin wannan lalacewa kusan sau biyu. To ina ga bazarar Maradi da ke haura 40?

Tsamin ruwan ma da sharaɗinsa. Yana son ɗan tsami-tsami. In ya gamu da magani mai kanwa-kanwa kamar furosemid, maganin sa fitsari, a robar ƙarin ruwa ɗaya, sai ya yi laka.

Abin da ya tsaya mini a rai wata uwa ce daga wajen Madarunfa, zaune kan tabarma a baranda da ɗanta, ta sayar da akuya ta zo. Allura mai rabin ƙarfi ba za ta nuna a ranar ba, sai bayan makonni, idan kumburi ya dawo.

Hajiya ba ta zubar da kwalaben ba, ba ta kuma bayar ba. Ta ware su, ta rubuta awannin da wuta ta yi babu da zafin da muka tarar, ta kira waɗanda suka kawo maganin. Yaron kuwa, sai washegari aka samo masa wata kwalba daga wani wuri, cikin kula mai ƙanƙara.

Takardar rubuta awon zafi da ke manne a ƙofar firij, ni nake cika ta yanzu, safe da yamma.