Yadda ake lissafin lod fakto kafin a sayi janareta ko a kafa sola

Yawan yunit ɗin da mita ta ci a wata ba ya nuna girman janaretan da masana'anta ke buƙata. Sai an haɗa shi da lod fakto, wato matsakaicin wutar da ake ja idan aka gwada da mafi girman lodin da aka ɗora a lokacin.

Abu uku ake nema: yunit na wata (yunit ɗaya kilowat ɗaya ne na awa guda), mafi girman lodi a kilowat, da yawan awoyi. A ninka lodin da awoyin, sannan a raba yunit ɗin da abin da ya fito.

Misali gidan ruwan leda a Kofar Ƙaura, Katsina, ya ci yunit 5,400, mafi girman lodinsa kilowat 30. Wata mai kwana 30 awa 720 ne. 30 sau 720 ya ba da 21,600. 5,400 a raba da shi, 0.25 ke nan, kashi 25 cikin ɗari.

To a nan ne masu lissafi da yawa ke tuntuɓe. Awa 720 na wanda ba a ɗauke masa wuta ne. In kamfanin rarraba wuta na KEDCO na ba layin awa 12 a rana, awoyin 360 ne, amsar kuma ta koma kashi 50. A yi aiki da awoyin da wuta ta zo, in kuwa ana ta da janareta a ƙara nasa awoyin da nasa yunit ɗin.

Manyan kwastomomi mitarsu na nuna mafi girman lodi. Wanda ba shi da irinta sai ya sa mai gyaran wuta ya maƙala kilam mita (na'urar auna amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta waya) a waya lokacin da komai ke aiki. A fes uku (layi mai wayoyin wuta uku), ga yadda ake samun kilowat: 1.732 sau bolt, sau amfiya, sau 0.8, a raba da 1,000. Bolt 415 da amfiya 52 sun ba da kusan kilowat 30. A auna bolt ɗin, kada a ɗauka 415 ne, don sau da yawa ba ya cika. Kuma a yi awon a zafin Afrilu, lokacin da firji da na'urar sanyaya ɗaki ba sa hutawa. Awon hunturu zai ba da lodi ƙarami. Wannan 0.8 ɗin fawa fakto ne, wato kason wutar da ake ja da ke yin ainihin aiki, lissafinsa daban, kada a gauraya shi da lod fakto.

Lod fakto ƙarami asara ce. Kilowat 30 a raba da 0.8 na buƙatar kVA 37.5 (kVA ne ma'aunin girman janareta), sai a sayi janareta mai 50 don kunnawar motar lantarki da ke juya inji, wadda kan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da ta saba ja na 'yan daƙiƙu. Sannan janaretan ya wuni da ɗan lodi. Injin dizal da ke yawan aiki ƙasa da kashi 30 na ƙarfinsa ba ya ƙone mai sosai, baƙin maiƙo ya riƙa tsiyaya ta salansa.

Gyaran ba ya cin ko kwabo: a raba lokutan kunnawa. Famfon burtsatse ya cika tanki tun da asuba kafin injinan liƙa leda su tashi, kuma kada a ta da manyan motocin lantarki biyu tare. In lodi ya sauko kilowat 20 da yunit ɗin nan 5,400 a awa 360, lod fakto ya kai kashi 75, kVA 25 kawai ake buƙata kafin a ƙara rarar kunna mota.