Abin da tace bidiyon biki ya koya mini game da firem

A shagon tace bidiyo da nake aiki, ƙorafin da muka fi ji daga masu biki shi ne hoto yana ɗan tsalle idan amarya tana tafiya. Yawanci kyamara ba ta da laifi. Wani ne a hanya ya canza yawan firem lokacin da yake juya bidiyon zuwa wani tsari.

Firem su ne hotunan da ke wucewa a jere cikin daƙiƙa ɗaya. Fim ɗin sinima 24 ne. Talabijin a Najeriya da Nijar 25, saboda wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amurka tasu wutar 60 ce, suka ɗauki 30, da talabijin mai launi ya zo a 1953 suka rage zuwa 29.97. Wayoyin hannu kuwa yawanci 30 ko 60 suke ɗauka, shi ya sa biki ɗaya kan zo mana da lissafi iri uku.

Idan ka tilasta wa bidiyon 25 ya koma 30, manhaja sai ta nemo hotuna biyar da babu su a kowace daƙiƙa, kuma hanya mafi sauƙi a wurinta ita ce ta maimaita kowane hoto na biyar. Daga 30 zuwa 25 kuwa zubar da ɗaya cikin shida take yi. Ido ba ya lura idan mutum yana zaune yana jawabi. Amma bari kyamara ta zagaya zauren dina, ko ƙawaye su fito rawa, nan asiri ke tonuwa.

Murya ma tana shan wahala. Tsakanin 29.97 da 30 kamar ba komai, amma idan manhaja ta ɗauki ɗaya a matsayin ɗayan, kafin awa guda baki da murya sun rabu da daƙiƙa uku da rabi da 'yan kai. A doguwar lacca ko tafsiri wannan abin kunya ne.

Saboda haka duk fayil ɗin da aka kawo, sai na buɗe shi a MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan fayil ɗin bidiyo, na ga asalinsa kafin na taɓa. A HandBrake, manhajar juya bidiyo zuwa wani tsari, ina barin firem a kan "Same as source", wato kamar na asali. Idan nauyi ne matsalar, girman hoto nake ragewa ko in ƙara matse shi, firem dai yana nan yadda yake. Wajen turawa a WhatsApp kuma, a matsayin takarda (Document) nake tura fayil ɗin, don kada ya sake matse mini aiki. YouTube da kansa yana ba da shawarar a ɗora bidiyo da firem ɗin da aka ɗauke shi.

Waya ce kaɗai nake karya mata wannan doka. Firem ɗinta ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan ragu idan haske ya yi ƙasa, kuma wasu manhajojin tacewa suna rikicewa da hakan. Irin wannan sai na fara mayar da shi tsayayye a kan lambar da ya fi kusa da ita. Masu kyamararmu kuwa tun kafin ranar biki muke daidaitawa: kowa ya sa 25 ko 50, domin a 30 ko 60 wasu fitilun zaure kan riƙa ƙyaftawa a hoto, kuma gyaran wannan a teburin tacewa wahala ce babba.